Mai Allo da Ɗan Haya: Daga Layin Tarho na 1978 Zuwa Intanet ɗin Gobe

Idan aka tashi ba da tarihin intanet, labari ɗaya ake yawan maimaitawa. A 1969 ma'aikatar tsaron Amurka ta haɗa kwamfutocin wasu cibiyoyin bincike huɗu a hanyar sadarwar da aka kira ARPANET, abin ya yi ta yaɗo a jami'o'i, Tim Berners-Lee ya ƙirƙiro yanar gizo a cibiyar CERN da ke Turai, daga nan duniya ta shigo. Babu ƙarya a ciki, sai dai tarihin wayoyi da injuna ne, ba na mutane ba. ARPANET ba ta taɓa buɗe ƙofarta ga ɗan sakandare ko makanike ko matar da ke zaune a gida ba. Sai kana da ƙafa a jami'a ko a kamfanin da ke kwangila da soja. Waɗanda aka bari a waje kuwa ba su zauna jira ba. Kusan shekara ashirin suka yi suna gina nasu dandalin da kwamfutar gida da layin tarho, kuma a can ne talakan gari ya fara yawancin abin da muke yi a waya yau: sunan ɓoye, rubutun da ke jawo muhawara, sauke fayil, korar mai baƙin baki daga taro. Ana kiran wuraren BBS, wato allon sanarwa na kwamfuta. Abin da nake son kafawa shi ne, intanet ta gaji kusan duk ɗabi'un allunan nan amma ta yar da abu ɗaya, wanda kuwa shi ne ginshiƙinsu. A kan allo, mai tsawatar wa jama'a shi ne mai na'urar, shi ke biyan kuɗin layi, kuma an san gidansa. Gardamar da ake yi yau kan makomar intanet, in an tace ta, a kan wannan take.

A watan Janairun 1978 guguwar ƙanƙara ta rufe birnin Shikago, mutane suka kasa fita aiki. Ward Christensen, ma'aikacin IBM, da abokinsa Randy Suess, dukansu 'yan wata ƙungiyar masu sha'awar kwamfuta ta birnin, suka mori zaman dolen. A wurin taron irin waɗannan ƙungiyoyi akan sami allon da ake maƙala takardu, wannan na cigiyar kayan gyara, wancan na neman wanda zai warware masa wata matsala. Me zai hana kwamfuta ta riƙe allon, kowa ya kira ta daga ɗakinsa? Christensen ya rubuta manhajar, Suess ya harhaɗa na'urar, aka ajiye ta a gidan Suess saboda yana cikin gari, kira zuwa can zai fi wa yawancin mutane araha. Ranar 16 ga Fabrairun 1978 ake lissafawa a matsayin ranar da allon nasu, wanda suka kira CBBS, ya fara aiki. An yi wani gwaji kafin nan a Berkeley a 1973, amma can sai mutum ya taka zuwa shagon faifan kiɗa inda aka girke na'urar. CBBS ce ta kai allon har cikin gida. Mutanen biyu ba su nemi izinin kowa ba, ba su nemi jari ba, ba su kuma ɓoye dabarar ba. A watan Nuwamban shekarar suka bayyana yadda suka yi a mujallar Byte, kamar yadda Christensen ya riga ya sakar wa jama'a ƙa'idarsa ta tura fayil, wadda aka sani da XMODEM, ba tare da karɓar ko sisi ba.

Wanda ya taso da wayar hannu da wuya ya iya kwatanta ƙuncin abin. Modem, wato na'urar da ke haɗa kwamfuta da layin tarho, a wancan lokaci yana tura kimanin harafi 30 a daƙiƙa, har mutum kan karanta rubutu yana sauka layi-layi. Hoto ɗaya irin wanda wayar yau ke ɗauka zai ci fiye da yini guda cur kafin ya iso. Galibin alluna layi ɗaya gare su, saboda haka mutum ɗaya ke shiga a lokaci guda, saura su yi ta bugawa suna tarar da layi a cike har tsakar dare. Mai allo kan yanka wa kowa lokacinsa, rabin awa ko awa ɗaya a rana. Wasu sukan ce sai ka ɗora fayil kafin ka ɗebi wani adadi, don kada a tara 'yan ci-ka-tashi. Da yawa ba sa sakar wa sabon shiga mara sai sun kira lambarsa da baki sun ji murya. Wanda aka ba rabin awa ba ya ɓata ta: ya karanta, ya rubuta, ya fita, gobe ya dawo ya ga amsa. Ba wanda ya tsara allon don ya riƙe mutum, hasali ma duk mintin da ka ƙara wani ka tare wa hanya.

Abu biyu da ba su shafi fasahar kwamfuta ba su suka yi wa allunan siffa. Na farko hukunci ne. Har zuwa 1968 kamfanin AT&T, wanda ya mamaye harkar tarho a Amurka, ya hana a jona wa layinsa duk wata na'urar da ba tasa ba. A shekarar hukumar sadarwa ta ƙasar ta yanke hukunci a shari'ar Carterfone cewa ana iya jona kowace na'ura matuƙar ba za ta cutar da layin ba, kuma ta wannan ƙofa ce modem mai araha, irin wanda kamfanin Hayes ya fitar a 1981, ya shiga gidaje. Na biyu shi ne tsarin kuɗin kira. A yawancin garuruwan Amurka kiran cikin gari ba a lissafa shi da minti, kuɗin wata ya rufe shi, amma kiran nesa yana cin aljihu. Sai ya zamana kowa allunan garinsa yake kira. Wanda kuka kwana kuna musu da shi a rubuce mai yiwuwa ne unguwarku ɗaya, kuma alluna da yawa sukan shirya haɗuwa ido da ido a gidan abinci ko wurin shaƙatawa, inda sunayen ɓoye ke samun fuska. Allon ya yi kama da zauren gida: mai gida ya share, ya shimfiɗa tabarma, ya kunna fitila da kuɗinsa, kowa na iya sallama ya zauna, amma an san na wane ne, kuma wanda aka kora daga nan akwai wani zauren a gaba. Wanda ma ya ga duk zaurukan ba su yi masa ba, da kwamfuta da layi ɗaya sai ya buɗe nasa.

Sai dai gari ɗaya bai ishi mutane ba, kuma yadda suka tsallake iyakarsa shi ne sashen tarihin da ya fi cancantar a tsaya a kansa. A 1984 Tom Jennings, wani mai rubuta manhaja a San Faransisko, ya sa allonsa mai suna Fido ya riƙa kiran wani allon a Baltimore cikin dare suna musayar saƙonni. Daga nan FidoNet ta samo asali. Dabarar ita ce ajiye-ka-miƙa: saƙo ya zauna a allon garinku har dare, lokacin da kiran nesa ya fi araha, sannan a dunƙule shi da sauran saƙonni a tura wa allo na gaba, shi ma ya miƙa gaba, har ya isa. An keɓe awa ɗaya kafin asuba da kowane allo zai rufe wa mutane ƙofa ya saurari 'yan uwansa alluna kawai. A 1986 Jeff Rush na Dallas ya ƙara dabarar da ta sa muhawara ɗaya ke bayyana a kan alluna ɗaruruwa, wanda ya yi tambaya a Teksas ya sami amsa daga Holan bayan kwana biyu ko uku. An raba duniya shiyya shida, Afirka ce ta biyar, kuma kowane mako ana fitar da jerin duk allunan da ke ciki da lambobin wayarsu. A tsakiyar shekarun 1990 jerin ya kusa kai alluna 40,000. Babu hedikwata, babu kamfani, babu albashi. Masu alluna ke karo-karon kuɗin kiran nesa a tsakaninsu. An yi yunƙurin kafa ƙungiya mai rajista da za ta shugabanci abin a 1986, rigima ta cinye ta cikin 'yan shekaru, saƙonni kuwa ba su fasa tafiya ko dare ɗaya ba. Kundin dokokin da aka amince da shi a 1989 ya taƙaita zaman tare a ƙa'ida biyu, kada ka cika damun mutane, kada kuma ka cika saurin jin an dame ka. Rigingimun masu alluna ba su da daɗin ji, wasu ma na yara ne, amma hujjar da suka bari tana da nauyi: hanyar sadarwa ta ratsa nahiyoyi ba tare da mai ita ba.

A nan ne labarin ya taɓo Afirka, ba ta fuskar da ya taɓa Amurka ba. Allon unguwa irin na Shikago bai yi tasiri a ƙasar Hausa ba, dalilin kuwa a fili yake: kafin zuwan wayar salula a 2001, layukan NITEL da ke aiki a duk Nijeriya ba su kai rabin miliyan ba, a ƙasa mai mutum fiye da miliyan ɗari. Amma dabarar ajiye-ka-miƙa kamar don layukan Afirka aka yi ta, domin ba ta buƙatar layi mai kyau na dindindin, 'yan mintoci kawai take so, in kira ya yanke a sake bugawa. A ƙarshen shekarun 1980 Jami'ar Rhodes ta Afirka ta Kudu ta sami hanyar imel zuwa waje ta FidoNet, ta kwamfutar da ke gidan Randy Bush a Portland. A farkon shekarun 1990 ƙungiyar GreenNet ta Landan ta riƙa kiran ƙananan tashoshi a birane irin su Nairobi, Harare, Adis Ababa, Dakar da Akara tana kwaso saƙonnin ƙungiyoyi da masu bincike tana zuba su a intanet. A ƙasashen rainon Faransa cibiyar bincike ta ORSTOM ta haɗa ofisoshinta, har da na Yamai, da wata dabara makamanciyar wannan. Ga masana da ma'aikatan lafiya da dama a nahiyar, imel ɗinsu na farko ta irin wannan hanya ya bi, shekaru kafin cikakkiyar intanet ta iso ƙasashensu.

Zuwa 1994 mujallar InfoWorld ta ƙiyasta alluna 60,000 a Amurka kaɗai, masu amfani da su miliyan 17. Tsarin ZIP na matse fayil, wanda Phil Katz ya fitar a 1989, a can ya yi suna. Dabarar raba manhaja kyauta a biya in an ji daɗinta ta alluna ta yaɗu, kuma da ita wasan Doom ya cika duniya a 1993. Ma Huateng, wanda ya kafa Tencent a 1998, ya riƙe allon FidoNet a gidansa a Shenzhen kafin nan. Sannan cikin shekara uku zuwa huɗu abin ya rushe. Manhajar Mosaic ta fito a 1993 da hotuna da latsawa, Windows 95 ya zo da kayan shiga intanet a cikinsa, kamfanin AOL ya koma karɓar kuɗin wata ba lissafin awa a ƙarshen 1996. Da kira ɗaya na cikin gari mutum ya isa ko'ina a duniya, to me zai sa ya bi layi a ƙofar allo ɗaya? Manyan masu alluna da yawa suka juya layukansu suka zama masu sayar da intanet, mujallar Boardwatch da taronta na shekara suka bi su. Ƙanana suka kashe na'ura.

Ba a nan gizo ke saƙar ba. Mutanen alluna ba su ɓace ba, ƙaura suka yi, suka tafi da al'adunsu. Duk mai riƙe da rukunin WhatsApp ko na Facebook a Kano ko Maraɗi ko Kumasi aikin mai allo yake yi: ya shigar da mutane, ya kafa doka, ya raba faɗa, ya goge shirme, ya cire wanda ya ƙi ji, ba a biyansa. Bambancin shi ne wahalar ta rage a wuyansa, mallakar ta koma wani wuri. Ba shi da na'urar, ba shi da rumbun saƙonnin, ba zai iya ɗaukar jama'arsa ya kai su wata manhaja ba sai ya roƙe su ɗaya bayan ɗaya, kuma a dandali irin Facebook ba shi ke zaɓar abin da mambobinsa za su fara gani ba, lissafin na'ura ne da aka gina don ya tsawaita zama a sayar da talla. Ɗan haya ne da aka ɗora wa shara da gadi. Ranar da muradinsa ya saɓa da na mai gida ake gane haka. A watan Yunin 2023 dubban masu kula da zaurukan Reddit suka rufe su don nuna fushi kan sabon kuɗin da kamfanin ya ɗora wa manhajojin waje. Kamfanin ya yi barazanar sauke su, ya kuma sauke wasu, domin a ƙarshe na'urar tasa ce. GeoCities ta rufe a 2009 da shafukan miliyoyin mutane. MySpace ta amsa a 2019 cewa ta yi asarar waƙoƙin da aka ɗora mata tsawon fiye da shekara goma. Yahoo ta share rumbun zaurukanta ta kuma rufe su a 2020, alhali a irin waɗannan zauruka ne marubuta da manazarta suka tafka muhawara kan adabi da finafinan Hausa a farkon shekarun 2000. Abin da ya tsira daga irin wannan rufewa sai wanda wani ya yi hikimar kwafewa tun da wuri. Zanen aro ba ya rufe katara.

Mai suka zai ce wannan begen jiya ne kawai, kuma yana da abin faɗa. Allunan ba aljanna ba ne. Kwamfuta da modem da layi na biyu sai mai hali, masu shiga galibinsu maza ne, matan da suka shiga da sunansu na gaskiya sun sha fitina. Mai allo na iya zama ɗan kama-karya, ya karanta saƙon sirrin mutane, ya kori wanda ya fi shi hujja. An yi cinikin manhajojin sata da lambobin katin waya na sata, kuma masu aƙidar fifita farar fata sun buɗe nasu alluna tun 1984. Duk wannan gaskiya ne. Amma a duba girman ɓarnar da kuma inda mafita take. Zaluncin mai allo bai wuce mutum ɗari ko ɗari biyu ba, maganinsa kuwa buga wata lamba. Allon masu ƙiyayya sai wanda ya neme shi ya samo lambarsa; babu wata na'ura da ke ɗauko maganarsu ta ajiye a gaban yaron da ya shigo neman wasa saboda ta lura irin wannan magana na riƙe ido. Kuma mai allo na jin yaren mutanensa, ya san wanda ke wasa da wanda ke neman tada husuma, ya san habaicin da baƙo ba zai gane ba. A gwada wannan da kamfanin Facebook da ya amsa da bakinsa a 2018 cewa bai yi abin da ya kamata ba wajen hana amfani da dandalinsa a rura wutar rikicin Myanmar, ko da yadda aka damƙa tace rubutun harsunan Afirka, har da Hausa, ga ma'aikatan kwangila a Nairobi, waɗanda fiye da 180 daga cikinsu suka garzaya kotu a 2023 bayan an sallame su. Girma bai magance matsalar tsawatarwa ba, nisanta ta ya yi daga waɗanda abin ya shafa.

Suka ta biyu ta fi ƙarfi. Ba wanda ya kori mutane daga alluna, da ƙafarsu suka fita, kuma ko yau aka ba su zaɓi sauƙi za su bi. Ana iya ƙarawa da misalin imel: ƙa'idarsa a buɗe take, kowa na iya kafa uwar garkensa, amma duniya ta tattaru a hannun kamfanoni ƙalilan. Haka Mastodon, da Eugen Rochko ya fara a 2016, wanda tsarinsa ya yi kama da na FidoNet ƙwarai, dubban ƙananan tashoshi kowace da mai ita suna miƙa wa juna saƙo bisa ƙa'idar ActivityPub. Ya cika da baƙi bayan Elon Musk ya sayi Twitter a Oktoban 2022, da yawansu suka koma inda suka fito, wasu masu tashoshin kuma suka gaji suka rufe, kamar yadda masu alluna ke gajiya a da. Ban ga amfanin musun wannan ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce mutane sun zaɓi zama 'yan haya. Abin da suka zaɓa a 1995 shi ne isa nesa da araha da hotuna, ba a taɓa ajiye musu sharaɗin mallaka a gabansu sun sa hannu ba. Facebook bai zo ba sai 2004, lokacin allunan sun daɗe da yin shiru. Imel ɗin ma, duk da tattaruwarsa, mai Gmail na rubuta wa mai Yahoo, jami'a na riƙe nata, wanda ya mallaki sunan adireshinsa na iya sauya kamfani bai rasa kowa ba, abin da mai rukunin WhatsApp ba zai iya ba. Kuma ba ko'ina tarihin ya bi hanya ɗaya ba. A Rasha FidoNet ta yi tashe ne a ƙarshen shekarun 1990, lokacin da take mutuwa a Amurka, saboda can intanet na da tsada. A Taiwan allon PTT, da wani ɗalibin jami'ar ƙasar ya kafa a 1995, har yau yana aiki da rubutu zalla ba don riba ba, kuma ya taka rawa a zanga-zangar ɗalibai ta 2014. Inda farashi da doka suka bambanta, sakamako ya bambanta.

Wannan ne ya sa nake ganin masu jiran wata sabuwar fasaha ta ceto intanet sun saki reshe sun kama ganye. Fasahar tana nan tun tuni: kwamfutar da ba ta kai tafin hannu ba a yau ta fi duk na'urorin da aka kafa FidoNet da su ƙarfi, kuma hayar uwar garke ta wata ɗaya ba ta fi ƙarfin ƙungiyar malamai ko ta 'yan kasuwa ba. Doka ce ta buɗe wa alluna hanya, doka ce kuma ta taimaka wajen gina waɗanda suka gaje su. A 1984 'yan sanda sun kwashe kwamfutar wani mai allo a Los Angeles saboda lambar katin waya ta sata da wani ya liƙa ba da saninsa ba. A 1990 jami'an tsaro suka kai samame kamfanin Steve Jackson Games a Austin suka tafi da allonsa da saƙonnin mutane a ciki, lamarin da ya taimaka wajen haifar da ƙungiyar EFF mai kare haƙƙin masu amfani da kwamfuta, kuma kotu ta ba kamfanin gaskiya a 1993. A 1995 wata kotu a New York ta ce tunda kamfanin Prodigy na tace abin da ake rubutawa a allunansa, to shi ke da alhakin ɓatancin da ya kuɓuce masa. Majalisar Amurka ta mayar da martani a 1996 da sashe na 230 na wata dokar sadarwa, wanda ya ce mai dandali ba shi ne mawallafin maganar baƙinsa ba. An rubuta shi a zamanin alluna, amma inuwarsa ta fi amfanar kamfanonin da ba a haifa ba tukuna, waɗanda suka sami kariyar mai allo ba tare da kusancinsa da jama'a ba.

Gyaran da ya dace da wannan tarihi ba komawa ga harafi 30 a daƙiƙa ba ne, kuma ba rufe manyan dandali ba ne. Nijeriya ta gwada rufewa, ta dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, abin da ya nuna kawai shi ne idan taron jama'a duka ƙofa ɗaya gare shi, umarni ɗaya ya isa a garƙame shi. Abin da ake buƙata shi ne haƙƙin jonawa da haƙƙin fita: a tilasta wa babban dandali ya karɓi saƙo daga ƙaramin da ba nasa ba, kamar yadda aka tilasta wa AT&T karɓar na'urar da ba tasa ba, sannan jama'a su iya tashi da sunayensu da rumbunsu da mabiyansu zuwa wani wuri. Ba baƙon abu ba ne a wajenmu. Tun Afrilun 2013 hukumar NCC ta ba mai waya damar barin kamfaninsa ya tafi da lambarsa, kuma ba wanda ke mamakin mai MTN ya kira mai Glo. Tarayyar Turai ta fara ɗora irin wannan sharaɗi a kan manhajojin saƙo, dokarta ta kasuwannin dijital da ta hau kan manyan kamfanoni a Maris 2024 ta wajabta wa WhatsApp buɗe ƙofa ga wasu manhajoji. Sai dai dokar a iyakar Turai ta tsaya. Mai rukunin da ke Zariya ko Damagaram ba ya cikin waɗanda ta rufa wa asiri, kuma kamfani ba zai miƙo masa wannan dama don Allah ba, sai hukumomin sadarwa na Abuja da Yamai da Akara sun rubuta tasu, su kaɗai ko a ƙungiyance, tunda kasuwar ƙasa ɗaya ba lallai ta girgiza kamfanin da ke da masu amfani fiye da biliyan biyu ba.